Wane Katakon Za A Hana?

A bakin ofis ɗin da nake haya a Sabon Gari akwai lambatu. Faɗinsa bai kai taku biyu ba, amma babu hanyar shiga sai an tsallaka shi. Murfin ƙarfen da ke kai 'yan jari-bola sun daɗe da yin gaba da shi, don haka falanki muke shimfiɗawa. Cikin shekara huɗu falanki uku na saya. Na ukun ya karye ne a watan Agustan bara, da wata baiwar Allah mai sayar da abinci a kansa, ita da kular shinkafarta. Allah ya taƙaita, targaɗe kawai ta samu. Na biya kuɗin gyaran ƙafa da na shinkafa, na kuma sha faɗa da yaren da ba na ji.

A gidan kakana da ke Fagge ma akwai irin wannan tsallake, a kan kwatar da ke fitar da ruwan gidan. Wani guntun itace ne baƙi aka gitta a wurin, samansa ya yi sulɓi saboda taku. Mahaifina ya ce shi ma tasowa ya yi ya gan shi. Ruwan wanki da na wanke-wanke da na damina duk ya sha, kurar 'yan garuwa ta bi ta kansa, babura sun bi. Ka buga masa ƙusa sai ta tanƙware. Kirya ce.

Da na je sayen falanki na huɗu sai na ce wa mai katako, "Alhaji, wanda ba ya jin ruwa nake so." Ya ce, "Wan-bai-tuwal ko tu-bai-tuwal?" Na ce ba kauri nake tambaya ba, wace bishiya ce? Ya dube ni kamar wanda ya je wajen mai tsire yana tambayar sunan saniya. Ya ce, "Yallaɓai, akwai fari, akwai ja. Ja ya fi tsada." Ban ga laifinsa ba, domin abin da muke tambaya shi yake sayarwa, kuma mun daɗe da daina tambayar sunan itace.

Da a ce maganar ta tsaya a kan lambatun ofishina, da ban ƙona muku data ba. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne kiran da ake ta yi cewa a hana jiragen ruwa na katako. Duk sanda jirgi ya kife, kafin a gama tsamo gawarwaki za ka ji wani babba ya fito ya ɗora wa katako laifi. A 2025 ministan da ke kula da sufurin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi su haramta jiragen katako a koma na faiba da na alminiyam. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma da ƙamshin zamani. Ni kuwa na ce an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da na yi wa mai katako ita nake yi wa masu wannan kira: wace bishiya? Wanda ya karye a ofishina cikin shekara ɗaya katako ne, wanda ya girme wa mahaifina a Fagge ma katako ne. Wanne za a hana?

Kada wani ya ɗauka ina wasa da rayuka. Mu Kanawa ba labari aka ba mu ba. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin Badau da Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu. Wata shida kafin nan, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ta jihar Kebbi ya dare gida biyu a tsakiyar kogi da mutum sama da 150 a ciki. A Yunin 2023, a yankin Patigi, 'yan biki masu dawowa cikin dare suka nutse, fiye da mutum 100. Ka koma ka bi abin da aka ruwaito a kan kowanne. A Bagwai lodi ya wuce kima. A Wara jirgin tsoho ne, ga mutane ga babura ga kaya. A Patigi tafiyar dare ce, da lodi, jirgin ya yi karo da itace a cikin ruwa. A galibin irin waɗannan haɗurra kuma ba ka samun masu rigar hana nutsewa. A cikin wannan jerin, wanne ne faiba za ta warkar? Matuƙin da ya zuba mutum 100 a jirgin mutum 50, in ka ba shi na faiba gobe, 100 ɗin zai zuba. A Legas jiragen faiba suka fi yawa wajen jigilar fasinja, kuma a Yulin 2022 ɗaya daga cikinsu ya kife da dare da mutanen da suka taso daga Mile 2 za su Ibeshe.

Akwai ma wani abin dariya mai ciwo a nan. Kututturan da ke fasa jirage a tafkin Kainji bishiyoyi ne da ruwa ya shanye tun da aka kammala dam ɗin a 1968. Sun haura shekara hamsin a tsaye cikin ruwa, kuma har yau da ƙarfinsu na tsaga jirgi. Haka abin yake a tafkin Bolta na Gana, inda har sare su ake yi daga ƙarƙashin ruwa a fito da su a sayar. Wato itacen da ake cewa ba ya jure ruwa shi ne ya ƙi ruɓewa har ya zame mana masifa.

Ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da itace. Abin da ke cin sa wasu halittu ne dangin funfuna, kuma sai sun samu laima da iska tare suke rayuwa. Itacen da ya bushe ƙarau ba sa iya cin sa, wanda ya nutse gaba ɗaya ma ba sa iyawa, don babu iska. Inda suke shagali shi ne inda ake jiƙa ana bushewa: daidai layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, gindin turken da ke bakin gaɓa, ƙasan falankin da ke kwance a kan lambatu yana shan tururin ruwa. Shi ya sa birnin Benis na Italiya ya yi ɗaruruwan shekaru a kan turakun itace da aka kakkafa cikin laka. Fadar sarki da ke tsakiyar Amstadam, wadda aka fara ginawa a 1648, a kan turaku 13,659 take zaune, kuma ba na wani itace mai ƙarfi ba ne, nutsewarsu ce ta tsare su. Ba sai mun je Turai ba ma. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale. Da masana daga jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka tono shi a 1994, aka auna shekarunsa aka samu kusan 8,000, tsawonsa ya haura mita 8. Shi ne jirgi mafi daɗewa da aka taɓa samu a Afirka, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasar da ta rufe shi ita ta adana shi.

To a wurin da dole sai an jiƙa an bushe fa? Nan ne sunan bishiya yake zama maganar rai da mutuwa. Kowace bishiya in ka tsaga ta za ka ga zuciya mai duhu a tsakiya, da fari a gefe mai bin ɓawo. Farin nan, ko na wace bishiya ne, abincin gara ne da ruɓa. Zuciyar ce ta bambanta. Wasu bishiyoyin suna tara mata sinadarai masu ɗaci da guba waɗanda ƙwari da funfuna ba sa so, wasu kuwa ba su da komai. Obece da rimi suna da sauƙin sassaƙa, ba su da nauyi, ana ma yin kwalekwale da su, amma kwanansu ƙidayayye ne, kuma duk mai sana'ar kirki ya san ranar da zai ajiye su. Kirya da kawo da loko, wanda kasuwa ke kira iroko, wani jinsi ne daban. Falankin da aka yanko rabinsa zuciya rabinsa fari kuma, ko daga bishiyar kirki ya fito, rabin falanki ka saya.

Mutanen Holan, waɗanda wani babban yanki na ƙasarsu ke ƙasa da teku, sun sha wannan karatu da wuya. Wajajen 1731 wata tsutsar teku mai huda itace ta cinye turakun da ke riƙe da ganuwar da ta tsare su daga ambaliya. Ba su ce daga yau sun yi hannun riga da itace ba. Sun sa dutse inda dutse ya dace, daga baya kuma suka bi duniya suna neman itacen da ke jure ruwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi dogara da su a yau shi ne wanda Yarbawa ke kira ekki, Faransawa ke ce wa azobe. Da shi suke ƙofofin mashigin jirage, da gadoji, da turakun tasha, da katangar bakin magudanan ruwansu. Guntunsa mai mita ɗaya ta kowace fuska ya haura kilo 1,000, ka jefa shi a ruwa ya nutse kamar dutse, alhali obece mai wannan girma bai kai kilo 400 ba. A ina yake fitowa? A dazukan Kamaru da Gabon da kudancin Najeriya. Yana da ɗan'uwa a dajinmu na arewa, namijin kaɗe. Opepe, wanda shi ma na kudancin ƙasar nan ne, ana gina tashoshin jiragen ruwa da shi a Ingila. Iroko kuwa masu ƙera jirage a Turai sun daɗe suna yin jikin jirgi da daɓensa da shi. Injiniyan Holan in zai yi odar katako, sunan bishiya yake rubutawa, da matakin jurewarta, da takardar shaidar dajin da aka saro ta. Mu da bishiyar ke bayan gidanmu muna cewa a ba mu ja ko fari.

Kuma ba haka muka taso ba. Garin nan fa da sunayen bishiyoyi ya raɗa wa unguwanninsa suna: Kurna, Giginyu, Ɗorayi, Rijiyar Lemo, Kasuwar Rimi. Maginan da suka yi soraye irin na Gidan Makama sun san azarar giginya, sun san gara ba ta cin ta, sun kuma san ta namijin giginya ta fi. Masassaƙa sun san turmi da taɓarya sai kirya. Masu jirgi sun san maɗaci. Masu lambu a bakin Jakara da ke ban ruwa da jigo sun san itacen da za su kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai baɗi. Babu mai digiri a cikinsu, amma kowanne yana da abin da mu a wajen aiki muke kira ƙa'idar kaya: abu kaza don aiki kaza. Yau ka shiga 'Yan Katako ta Rijiyar Lemo ko ta Na'ibawa ka saurari yadda muke ciniki, mu masu saye. Tu-bai-tu, tu-bai-fo, nawa ne, rage mini. Ɗan kwangila yana neman mafi araha, mai gida yana neman mafi araha, wanda zai haɗa jirgin da zai ɗauki 'ya'yan mutane shi ma haka. Araha ba ta ado, aka ce. A kan ruwa abin ya wuce maganar ado.

Ina itatuwan kirkin suka tafi? Wasu sun hau jirgi sun bar ƙasar. Madobiya ita ce misali mafi muni. Cikin 'yan shekaru aka yi mata wawa a dazukan Kogi da Taraba da Adamawa ana loda ta a kwantena zuwa ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje masu tsada da ita. Sai da ta kai yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta cikin jerin waɗanda ake sa wa ido daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Sauran kuwa mu muka ƙone su da hannunmu. Tambayi duk mai sayar da gawayi wanne ya fi, zai ce maka na kirya, don ya fi nauyi ya fi daɗewa yana ci. Da gas ya yi tsada, kananzir ya gagari talaka, gidaje da yawa gawayi suka koma, har da namu, ba zan yi ƙarya ba. Bishiyar da ta yi shekaru da dama kafin ta yi zuciya, wadda za ta iya riƙe gada har jikoki, muna dafa shinkafa da wake da ita cikin mako biyu. Sannan mu juya mu ce katako ba shi da ƙarko.

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma wannan halin na san shi sarai. Duk ranar da manhajar wata ma'aikata ta durƙushe, abin da shugaba ke fara cewa shi ne a sayi sababbin kwamfutoci. A saya, a yi hoto, bayan wata uku ta sake durƙushewa, don kuskuren yana cikin rubutun, babu wanda ya zauna ya duba. Sayen sabon abu ya fi bincike sauƙi, kuma akwai kwangila a cikinsa. Auna lodi a tashar jirgi kullum safiya babu kwangila a ciki, babu kuma wanda zai yanka kintinkiri.

Ban ce faiba ba ta da amfani ba. Ba ta ruɓa, ba ta da nauyi, ana iya yi mata aljihunan iska da za su hana ta nutsewa ko ta kife. Gwamnatin da ta sayi jiragen faiba ta kai Bagwai ko Yawuri don ɗaukar 'yan makaranta da marasa lafiya, ni mai yi mata godiya ne. Amma ba da faiba daban, haramta katako daban. Sinadarin da ake yin faiba da shi da dala ake shigo da shi. In ta tsage a kan kututture a wani ƙauye, wa zai liƙe ta? Jirgin katako kafintan garin ne zai cire falanki ya sa wani kafin la'asar. Manyan jiragen da ke ɗaukar buhunan hatsi da shanu da babura ranar kasuwa, wa zai saya wa masu su madadinsu, kuma da kuɗin wa? Dokar da ba ta amsa wannan ba, abin da za ta haifar sananne ne: jiragen za su ci gaba da tafiya, sai dai cikin dare, a ɓoye, daga mashigin da babu jami'i, ga kuma sabuwar ƙofar karɓar na goro. An sayar da kare an sayi biri.

Wani zai ce, to kai da kake kukan an ƙarar da daji, yanzu kuma kana cewa a sare kirya da maɗaci a yi jirgi? E, haka nake cewa, domin ana sare su ko na ce ko ban ce ba. Abin da ya rage shi ne me za a yi da su. Bishiyar da ta zama jirgi ko gada mai shekara ashirin ta hana a sare wasu biyar da za a yi ta canzawa. Kuma ba a dasa abin da ba shi da daraja. Muna ta dashen darbejiya da turare don suna saurin girma, ba laifi, amma maɗaci ma yana yi a ƙasar Kano, ga su nan manya-manya a tsofaffin unguwannin Turawa. Ranar da falankin maɗaci mai shaida ya fi na banza kuɗi a fili, manomi zai bar wanda ke gonarsa ya girma.

Ingila ma ta yi zamanin da tsofaffin jirage masu lodin ganganci ke nutsewa da ma'aikata, har ana ce musu akwatin gawa. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta faɗa har aka yi dokar 1876, wadda ta tilasta a zana layi a jikin jirgi: in ruwa ya rufe layin, lodi ya yi yawa. Da farko masu jirage aka bar wa zaɓin inda za su zana, suka yi ta wasa da hankalin hukuma, sai a 1890 aka ƙwace wannan daga hannunsu. Fenti ne kawai da mai dubawa. Me zai hana kowane jirgi a Watari da Tiga da Kainji ya samu irin wannan layi, wanda ko yaro zai gani daga gaɓa ya ce wa uwarsa kada su shiga? Me zai hana a rubuta a jikinsa shekarar da aka haɗa shi, da sunan wanda ya haɗa, da itacen da aka yi ƙasansa da shi, da adadin mutanen da zai ɗauka? A Daidaita Sahu tana da lamba, jirgin da ke ɗaukar ajin Islamiyya guda ba shi da ko ranar haihuwa. A duba shi sau ɗaya kafin damina, a soka tsinken ƙarfe a layin ruwa, in ya shige a jingine jirgin. A duba ƙusoshi, don sau da yawa ƙusar da ta yi tsatsa ce ke sakin falanki tun itacen bai gaza ba. A ba Sarkin Ruwa da ƙungiyar matuƙa ikon hana tashi, a kuma kama su in sun bari. A kasuwa kuma ƙungiyoyin 'yan katako su sa a riƙa rubuta sunan bishiya a rasit. Manhajar da za ta riƙe rajistar jiragen jiha guda, ni da abokaina biyu za mu rubuta ta cikin mako biyu, kuma ba ita ce mai wuyar ba.

Falanki na huɗu dai ban saya a ranar ba. Wajen wani tsohon kafinta na je a Fagge, abokin mahaifina, na ce, "Baba, ga abin da ke damuna." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai kai kake sayen ciwon kai da kuɗinka." Bayan kwana tara ya aiko a kira ni. Ya samo wani katakon kawo daga dokin ƙofar wani tsohon gida da aka rushe za a yi filaza. Kuɗinsa ya ninka na falankin kasuwa sau uku. Ƙusa ta ƙi shiga, sai da ya huda da na'ura ya ɗaure da noti. Ya shafe bakinsa biyu da kwalta, ya ɗora shi a kan bulo ta kowane gefe don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, ya kuma kafe shi da rodi saboda masu neman na girki. Damina ɗaya ta wuce a kansa, ana cikin ta biyu. Mai abincin nan ta dawo kawo mana shinkafa, amma har yau sai ta taɓa shi da ƙafa ɗaya tukuna kafin ta hau.